Gizo Da Ƙanƙarar Banza

Ga ta nan, ga ta nanku.

An yi wata bazara a Dutse wadda har gobe ƙadangaru ba su bar zancenta ba. Masu riƙe lissafi sun ce 2024 ce, shekarar da azumi ya kama a Maris ya fita a Afrilu. Kafin la'asar zafi ya haura digiri 40. Duwatsun da suka zagaye Garu su wuni suna shan rana, dare ya yi su amayo ta a kan masu barci. Wutar lantarki kuwa ta zo ta yi sallama, kafin a amsa ta juya.

Dabino kaɗai ke jin daɗi. Shi dama zafi ne abincinsa, shi ya sa gwamnatin tarayya ta kafa masa gidan bincike a garin.

Gizo na kwance a gindin wani dabino a Limawa, ya baje ƙafafu takwas, kowace ta kama gabanta. Ƙoƙi ce ke riƙe da gida. Zoɓo take yi da kunun aya, ta ɗura a robobi, yara su kai bakin masallaci lokacin shan ruwa. To zoɓo ba sanyi a watan azumi, ko kyauta ka bayar sai an harare ka. Don haka kullum da azahar sai ta bi layin ƙanƙara a gidan Raƙumi, shi ne mai janareto a unguwar. Yau farashi kaza, gobe ya ɗaga. In ta yi magana, Raƙumi ya dube ta daga can sama ya ce, “Ƙoƙi, ai mai kike saye, ba ruwa ba.”

Ran nan Gizo ya ce shi kam ya gaji. Ya ɗafe bayan motar itace har madatsar ruwa ta Warwade, wai ko ya sami iska. A bakin ruwa ya tarar da wata 'yar agwagwa, baƙuwar fuska, ta duƙufa tana cika ciki.

“Sannu baiwar Allah. Daga ina?”

“Daga Baturiya, can ƙasar Haɗeja. A fadamar nan muke cin rani kowace shekara, mu da dubban 'yan'uwanmu. Yanzu gida za ni, Rasha. Guzuri na tsaya yi, Sahara na gabana.”

Gizo ya shiga kai mata ƙarar zafi, da ƙarar Raƙumi, da tsadar ƙanƙara. Agwagwa ta ɗago kai.

“Saye? Ƙanƙarar ake saye? A wajenmu daga sama take zubowa, wata da watanni. Ta rufe hanya, ta rufe ƙofa. Har biyan mutane ake yi su kwashe ta.”

Gizo ya tashi zaune. Kun san shi da tsamin baki. “A biya ka, ka kwashi ƙanƙaya?”

“Sosai ma.”

Da Gizo mai tambaya biyu ne, da ya tambaye ta abin da ke koro ta daga wannan ni'ima duk kaka, har ta ƙetare teku da hamada ta zo ta zauna cikin sauron Haɗeja. Amma Gizo tambaya ɗaya yake yi. In amsar ta yi masa daɗi, sai ya toshe kunne ya kama hanya.

Ya iso gida yana haki ya zayyana wa Ƙoƙi. Ta ci gaba da tace zoɓonta ta ce, “Maigida, abin da ake biya a kwashe, a garinmu shara muke ce masa.”

Ya ce, “Ke dai ba ki san kasuwanci ba.”

Da safe ya tafi fada. Ya ji labari mutanen jihar sun sha tura 'ya'yansu karatun likita ƙasashen waje, Sin da Sudan da Cyprus, kuma Zaki ma ya ɗauki wannan hanya don 'ya'yan dawa. Ya tarar da Zaki a ɗaki mai na'urar sanyi, har da bargo a ƙafa, bayi na ɗaure akwatuna. Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Yanka ya daɗe, Shayki. Zafi zai kashe talakawanka.”

Zaki ya yi hamma ya ce, “Zafi? Ai na bana da sauƙi.” Ya nuna masa Dila, malamin daji, shi ke riƙe da takardar sunaye. Shi kuma Zaki za shi duba lafiya, sai ruwa ya sauka zai dawo.

Dila ya gyara tabarau ya ce a kawo takardar shaidar karatu. Gizo ya ce gara ta ci. Dila ya ce to ko an samo ta, akwai sharaɗi: wanda aka tura, in ya gama, zai dawo ya yi wa dawa aiki shekaru a asibitocin ƙauye, Miga ko Jahun ko duk inda aka ga dama. Da Gizo ya ji kalmar dawowa sai ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Daga nan sai ofishin Kura, kan hanyar Kiyawa. Ta manna hotunan jirage da dogayen benaye a bango, ta sa kujera mai juyawa. Ita kanta ba ta taɓa haye gadar Wudil ba, amma ba ƙasar da ba ta san farashinta ba.

“Hajiya Kuya, Yasha nake so.”

“Haba ɗan'uwa, wancan yankin yaƙi ake yi. Ka manta yadda ɗalibanmu na Ukraine suka taka a ƙafa cikin sanyi zuwa iyakar Poland a 2022? Kanada za ka. Ƙanƙara duk ƙanƙara ce. Amma ka yi sauri, tun Janairun bana suka fara rage yawan ɗaliban da suke karɓa. Ƙofa na rufewa, ni ce na sa ƙafa na tokare maka ita.”

Ranar Litinin Gizo ya kora awakin Ƙoƙi kasuwar Shuwarin, ya ce mata kiwo ya kai su. Ya kawo kuɗi. Kura ta ce biza ba ta fito ba, an ga ƙafafunsa sun yi yawa a hoto. Kaka ta yi, ya sayar da riɗin gona tun a tsaye. Kura ta ce wannan karon tambari ne ya ƙare musu. Ya jinginar da dabino uku na gado. A karo na uku takarda ta fito. Ba wanda ya kai Kura mamaki. Ta juya takardar gaba da baya, ta sansana, sannan ta ce, “Ka ga aikina ko?”

A watan Janairu ya tashi daga Kano. Ya sayi rigar sanyi a gwanjo, ya ɗora hular da yake sawa da hunturu. A ganinsa ya san sanyi. Ashe ba shi ne ya sha jaura a Dutse ba, lokacin da dare kan sauka digiri 13, a ɗaga wanka sai rana ta take, a kewaye murhun mai shayi ana rawar ɗari, ƙafa ta yi faso sai an bi ta da man kaɗe? Me ya rage?

Jirgi ya sauke shi a Winnipeg. Ƙofar waje ta buɗe da kanta. Gizo ya sa ƙafa ɗaya, sauran bakwai suka ce ba da su ba. Digiri 30 ne ƙasa da sifili, ga iska ta taso daga fili ba dutse ba bishiya. Ya ce bari ya saki zare ya koma ciki. Zaren ya fito ya sandare ya karye.

Bushiya ce ta ɗauke shi. 'Yar Birnin Kudu ce, a can ta yi makarantar jinya, ta daɗe a garin tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta naɗe shi a mayafi ta kai shi kanti. Mai kanti ya ƙirga ƙafafu ya kawo takalma takwas da safa takwas, yana murmushi. Kuɗin dabino ɗaya ya tafi a nan.

Ta samo masa ɗaki a ƙarƙashin gidan Beyar. Shi Beyar barci yake yi tun Nuwamba sai Afrilu. Amma duk ƙarshen wata sai ya buɗe ido ɗaya, ya miƙo hannu ta matakala, ya karɓi kuɗin haya, ya koma.

Da gari ya waye Gizo ya leƙa ta taga. Fari fat, iya ganinsa. A kan mota, a kan rufi, a kan juji, ba mai gadi. Ya fita da bokiti. Ya cika goma, ya jera su a ɗaki kusa da bututun ɗumi don kada ɓarayi su gani, ya kwanta yana lissafin abin da Raƙumi zai ce. Da safe ya duba. Ruwan da ke cikin goman duka da ƙyar ya cika bokiti ɗaya. Ashe dusar ƙanƙara yawancinta iska ce. Ya sake ɗiba, ya kasa a bakin titi, yana kiran masu wucewa. Wata tsohuwa ta tsaya ta dube shi da tausayi, ta ba shi lambar asibiti.

Ya kai wa Bushiya kuka. Ta ja shi kantin abinci ta nuna masa wani firiza a bakin ƙofa. Ƙanƙara ce a leda, da farashi a jiki.

“A nan ma saye ake yi, Yaya?”

“Wadda ake sha, eh. Ta waje ta kwasa ce.”

To kwasar ya kama. Tun ƙarfe huɗu na asuba yana bin ƙofofin gidaje da shebur, motocin hukuma na wucewa suna watsa yashi da gishiri a titi. Motocin mutane kuwa an jona su da lantarki sun kwana, don kada injin ya daskare. Da awa ake biyansa. Da ya ji dala ɗaya ta haura naira dubu, sai ya zauna a kan tudun ƙanƙara ya ninka, ya sake ninkawa, ya ga ya sayi rabin unguwar Takur. Gizo gwanin ninkawa ne, ɗebewa ce ba a koya masa ba. Haraji ya ɗauki nasa tun kuɗin ba su iso hannu ba. Beyar ya miƙo hannu. Bas ta ci, waya ta ci, abinci ya ci. Ba ƙuda ko ɗaya a garin balle a yi kalaci na banza.

Kada dai in ci amanar ƙasar mutane. Wuta ba ta ɗaukewa. Famfo biyu ne, na zafi da na sanyi, kuma duka suna kawo ruwa. Bas na da ɗumi, ɗaki na da ɗumi, in ƙanƙara ta zubo da dare akwai wanda aikinsa ne ya buɗe hanya. Gizo ya yi wata guda yana jiran a ɗauke wuta don ya yi tsaki, ba a ba shi dama ba.

Wani dare suna cin tuwon garin semo a gidan Bushiya, ya tambaye ta ko ita ma ƙanƙara ta zo nema. Ta yi dariya har ƙayoyinta suka miƙe.

“Wa ke son sanyi, Gizo? Sanyinsu ya fi zafinmu mugunta, in ya same ka a waje ba shiri, kafin rabin awa ya cinye maka yatsu. Amma sun sa masa linzami. Mu namu zafin sake yake yawo, ba mai shi. Ya shiga asibiti, ya shiga aji, ya kwana da jarirai, ya kawo sanƙarau. Ka ba ni wuta da albashi a Birnin Kudu, ka ga ko zan ƙara kwana a nan.”

Ta nuna masa hoton gidan da ta gina a Dutse, mai farin fenti da baƙar ƙofa. Ba ta taɓa kwana a ciki ba. Jemagu ne ke ciki, kuma ba su biyan haya.

Abin da ya fi cin Gizo ba sanyin ba ne. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin biyar ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba suna tafe suna taka dugadugan juna. Ba majalisa, ba gindin bishiya, ba wanda zai ce maka ina gajiya balle ka ci bashinsa. Gizo fa da jama'a yake ci. Wayo ba ya ci sai da wanda za a yi wa, ga kowa ya shige gida ya kulle. Ya rame, gaɓoɓi suka yi ta ciwo. Likita ya duba shi ya ce rana ce ba ta ishe shi ba, baƙar fata ta fi buƙatarta. Ya rubuta masa ƙwayar bitamin D. Gizo ya tsaya a layi, ya zaro kuɗin kwasar ƙanƙara, ya sayi rana a kwalba.

Ya ɗan sami abin lissafi da azumi ya matso. Ya ji cewa a Disamba wunin garin bai fi awa takwas da 'yan mintoci ba. Ya ce to ko ba komai ya tsira da wannan. Amma azumin 2025 a Maris ya zo, lokacin da dare da rana suke kusan daidai a ko'ina cikin duniya. Liman ya ce masa gajeren azumi sai wajen 2030, sannan in wata ya ci gaba da zagayowa ya kai Yuni, a nan za a wuce awa 18 ba ci ba sha. Gizo ya rubuta shekarun a bango: waɗanda zai yi a Winnipeg, da waɗanda zai tuna yana da iyali a Dutse.

Da sanyi ya wuce kuwa, sai Allah ya dube shi. Garin ya yi kore, ya yi ɗumi, sauro ya fito runduna-runduna. Winnipeg ta yi suna da sauro. Gizo ya kafa yana a kowace taga, ya ci ya yi tumbi. Wata uku aka yi. Ganye ya soma ja, shi ke nan.

Duk wannan ba wanda ya sani a gida. Abin da aka sani hoto ne. Gizo ya jingina da motar maƙwabci, ga fari fat a bayansa, ya ɓoye shebur, ya washe baki, ya tura a WhatsApp. Kafin magariba hoton ya kai Ringim. Kura ta buga shi babba ta rataye a ƙofar ofis. Ƙadangaru suka yi layi da kuɗin awakin matansu. Waya ta dinga ƙara: Zomo zai yi aure, Kurege an sallame shi daga haya, Kunkuru na son jari. In Gizo ya ce babu, a ce ya shiga daula ya manta zumunci. In ya ce wahala yake sha, a ce baƙin ciki yake yi kada wani ya je.

Ɗan abin da ya rage yakan tura wa Ƙoƙi, da umarni: a fanso dabino, a fara ajiye bulo. Ita kuma ta ce to. Kullum to.

Bayan sanyi biyu ya haɗa kuɗin jirgi. Ya sauka a Afrilu, sanye da doguwar rigar gashi da takalman nan takwas, don a san daga inda ya fito. Daga tasha zuwa Limawa gumi ya cika takalma. Ya doshi gida ya ga layi tun daga bakin lungu, kowa da kula a hannu. Ya ɗauka rasuwa aka yi. Ya ɗaga kai ya ga faifan sola shida a kan rufinsa, sun buɗe ciki suna shan ranar nan da ya guje wa. A zaure firiza biyu na gurnani. Ƙoƙi na zaune a kujera da jaka a ƙugu. A tsakiyar layi, ya sunkuyar da dogon wuya, ga Raƙumi.

“Ƙoƙi! Ina bulo?”

“Sannu da zuwa, Maigida. Ga bulo nan a firiza, kullum sai na buga arba'in.”

Gizo ya ce ai da kuɗinsa aka saya, saboda haka shi ne mai kamfani. Ƙoƙi ta jawo wani littafi daga ƙarƙashin kujera. Awaki bakwai, har da mai ciki. Riɗin gona. Dabino uku da ta fanso da kuɗin zoɓo. Ta haɗa ta ɗebe, ita ta iya ɗebewa, ta ce saura akuya biyu take binsa. Ya nemi ƙanƙara ɗaya ya ɗora a ka. Ta ce ta gida rabin kuɗi ce.

Da dare ya kwanta a tsakar gida, dutse na amayo zafi, ya rasa inda zai sa ransa. A can yana mafarkin rana, a nan yana mafarkin famfo biyu. Sai ya tuna Agwagwa. Ya ce ai ita ce mai hankali: hunturu a Jigawa, damina a Turai. Shi ma haka zai yi. Ya buga wa Bushiya waya. Ta ce ko masu takardar zaman dindindin sai sun cika kwana 730 a ƙasar cikin kowace shekara biyar, balle shi mai takardar aro. Ta tambaye shi kuɗin jirgi sau biyu a shekara, wa zai biya? Gizo ya duba duk dawa. Masu iya wannan zirga-zirga biyu ne: mai fiffike da mai fada.

Ya yi shiru. In Gizo ya yi shiru, wani ne zai yi kuka.

Ya tuna Beyar ya taɓa yi masa ƙorafi cikin magagin barci. Maƙwabtansa masu hali duk sanyi Florida suke tafiya su sha rana, shi kuwa rashin kuɗi ne ke sa shi barcin dole. Gizo ya rubuta masa saƙo. Ya ce akwai wani gari, Dutse, rana kyauta ce daga safe har yamma, ba mai gadinta. Dabino a ka, zuma a kasuwa, dala ɗaya ta zama dubu. Ya ce in yana so, shi zai riƙe masa makullin gida, a yafe haya, ya kuma turo ɗan abin shige da fice. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Watan zuwa ne kawai bai faɗa ba.

Beyar ya farka a ƙarshen Afrilu ya ga saƙo. Shi ma mai tambaya ɗaya ne. Farkon Mayu ya sauka, da gashinsa duka.

A amalanke aka kawo shi Limawa, harshe a waje. Yara suka biyo shi suna kallo. Aka shimfiɗe shi a zauren Ƙoƙi, ya rungume firiza ya ƙi saki. Ƙoƙi ta dube shi, ta dubi littafinta, ta buɗe sabon shafi. Ta ce jingina da firiza da awa ake biya, kuma da dala.

Kura ta ji labari ta taho a fusace, wai Gizo ya shiga sana'arta ba izini, sai an ba ta la'ada. Ta yi sallama ta kutsa zaure. Beyar ya buɗe ido ɗaya. Kura ta auna faɗin tafin hannunsa, ta ce dama zoɓo ta zo saye, na naira ɗari, a leda.

Gizo kuwa yana bayan gida a gindin dabino, makullin Winnipeg a wuya, ƙadangaru sun kewaye shi. Yana rubuta sunaye. Ya ce yana da gida a Kanada, ɗaki huɗu da na ƙasa, mai so ya ba da kafin alƙalami.

Can Beyar ya ɗago kai da ƙyar ya ce, “Hajiya, yaushe garin nan ke yin sanyi?”

Ƙoƙi ta lashi yatsa ta juya shafi. “Sai Disamba, Alhaji. A ƙara awa?”

Ƙurunƙus.